Yadda Za Ka Gyara Besmen Ɗin Gidanka da Kaɗan-Kaɗan Ba Tare da Cin Bashi Ba

Ranar da muka je duba gidan da muke ciki yanzu a Columbus ta jihar Ohio, dillaliyar ta sauko da mu ta wata siririyar matakalar katako, ta ja igiyar ƙwan fitila ɗaya tilo da ke reto, sai ga wuri mai faɗin gidan gaba ɗaya. Bango kankare tsirara, daɓe kankare, bututu da wayoyi sun sarƙe a sama, injin ɗumama gida da tankin ruwan zafi na can a lungu. Ta ce wannan shi ne besmen, wato ɗakin ƙarƙashin gida, ba a ƙarasa shi ba. Uwargida ta dube ni, ni kuma na san lissafin da take yi don shi nake yi: ɗakin baƙi, wurin sallah, da inda yara za su yi tsalle-tsallensu a watannin da sanyi ke kulle mutane a gida.

Ga wanda bai san wannan ɓangaren na duniya ba, ba ƙawa ce ta sa suke haƙa ɗaki a ƙarƙashin gida ba. A arewacin Amurka da Kanada ƙasa kanta tana daskarewa da hunturu, ta kumbura, ta ɗaga duk abin da ke zaune a kanta. Dole harsashin gini ya nutse ƙasa da inda daskarewar ke tsayawa. A Minnesota, misali, doka ta ce inci 42 a kudancin jihar, inci 60 a arewaci. Wanda ya riga ya haƙa haka, ƙarin ƙafa kaɗan ne ya ba shi hawa guda cikakke, sai magina su bar shi tsirara, wanda ya sayi gidan ya ji da shi.

Ɗan kwangilar da na fara kira ya faɗi kuɗin da ya kai na sabuwar mota, ya kuma ce kada in damu, akwai bashi da za a biya a hankali. Bashin ruwa ne, ga na gidan ma ban fita ba. Sai na yi yadda iyayenmu ke gini a gida: bana a sayi bulo, baɗi a kai linta, a yi rufi in Allah ya hore. Shekara 3 ya ɗauke ni. Bambancin kawai shi ne a besmen jerin aikin ba ya karɓar sauyi. In ka gabatar da abin da ya kamata ya zo a baya, da hannunka za ka ɓalle shi.

Shekarar farko: kada ka sayi katako ko ɗaya

Abin da na fi so a ɗauka daga wannan rubutu ke nan. Ka bar wurin tsirara har ya ga narkewar ƙanƙara da ruwan saman watannin Maris zuwa Mayu, ya kuma ga zafi da laimar Yuli da Agusta. Besmen ba ya ɓoye halinsa, lokaci kawai yake so, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana da lokacin da mai kuɗi ba shi da haƙurin jira.

Ni ban yi haka ba da farko. Wata 2 da tarewa na samo tsohon kafet, na shimfiɗa, muka jera akwatuna da jakunkunan kayan da muka zo da su daga gida a jikin bango. Wani daren Afrilu aka yi ruwa da iska, wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i. Da asuba na sauka da safa a ƙafata, na taka kafet na ji caɓal. Ruwan bai fi inci 1 ba, amma ya isa. Da muka buɗe jakar da ke ƙasa bayan kwana biyu, shaddojin uwargida da atamfofin da ba a ko ɗinka ba sun yi ɗige-ɗigen fumfuna, warin kuwa har hawa na sama. Ta ɗaga wata shadda ta ce, "Malam, wannan ce ta lefe fa." Ban sami abin cewa ba.

To, ga abin da za ka yi a wannan shekara. Ka yanko leda mai kauri kamar ƙafa 2 a ƙafa 2, ka liƙa ta a daɓe da salatif ta kowane gefe, wata kuma a bango, ka bar su kwana 2. In ka ɗaga ka tarar da ruwa a ƙarƙashin ledar ko kankaren ya yi duhu, rima ce ke tasowa ta cikin kankare. In kuwa a saman ledar raɓar take, iskar ɗakin ce ke ɗauke da laima, wannan ya fi sauƙin magani. Ka duba bango ko akwai farin gari kamar kanwa. Duk wanda ya san yadda gishiri ke cin gindin katanga a gida ya san shi: ruwa ne ya ratsa, ya bushe, ya bar shaida. Ka zagaye duk inda ka ga jiƙa da alli, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka sayi ƙaramin ma'aunin laima ka rataye, abin da ake so kada ya haura kashi 60 cikin 100, in ya tsaya wajen 50 ya fi.

Mafi yawan ruwan besmen daga rufin gidanka yake zuwa, kuma maganinsa a waje yake, kusan kyauta. Ka hau tsani ka kwashe ganyen da ya toshe indararo. Bututun da ke sauko da ruwan, ka ƙara masa tsawo ya zubar ƙafa 4 zuwa 6 nesa da bango. Sannan ka dubi ƙasar da ke kewaye da gidan: so ake ta gangara waje da inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko. Namu gidan ta gefen yamma ƙasar ta lotsa, ruwa na taruwa a gindin bango kamar kududdufi. Baro da shebur da ƙasa mai yumɓu, Asabar biyu, alamomin allina na wannan bangon ba su sake jiƙa ba. In haƙa za ka yi mai zurfi, ka fara kiran 811, za a zo a yi maka alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi, ba a biyan ko kwabo.

A ciki kuma, siraran tsagogi na tsaye abu ne da kankare ya saba, ana cike su da simintin da ke kamawa cikin ruwa ko maganin da ake ɗurawa da sirinji. Amma tsagar da ta tafi a kwance, ko bangon bulo da ya turo ciki ya yi ƙusumbi, wannan ba aikinka ba ne. Ka kira injiniyan gini, ka biya shi, kada ka rufe.

Sai ramin da ke lungu mai famfo a ciki, wanda ke tsotse ruwan da ya taru a ƙarƙashin daɓe ya watsar waje. Shi ne ya tsaya mini a daren nan, domin da wuta yake aiki, kuma daren da aka fi buƙatarsa shi ne daren da wuta ta fi ɗaukewa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka sa masa na biyu mai batir tun kafin ka kashe sisi a kan ado. Ka kuma kira kamfanin inshorarka ka tambaya ko suna biyan ɓarnar ruwan kwata da ya dawo ta magudana ko na famfon da ya tsaya. Galibi inshorar gida ta yau da kullum ba ta ɗauke wannan ba sai an ƙara shi daban.

Abin da ido ba ya gani

Akwai wata iska da ake kira radon, ba launi ba wari, tana fitowa daga ƙasa ta taru a besmen. Bayan sigari ita ce ta biyu wajen jawo kansar huhu, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta tana kashe kimanin mutum 21,000 a shekara a ƙasar. Tsakiyar Ohio na cikin wuraren da take da yawa. Kayan gwajin ba su da tsada, ka ajiye su 'yan kwanaki tagogi a rufe, ka aika ta gidan waya, sakamako ya dawo. In ya kai 4 a ma'auninsu, sai an sa bututu da fanka da za su zuƙo iskar daga ƙarƙashin daɓe su fitar ta saman rufi. Yanzu ya kamata a yi, tun bango na tsirara.

In gidan tsoho ne, ka kula da abu biyu. Fentin da aka yi kafin 1978 yana iya ƙunsar dalma. Tsofaffin tayil na roba, musamman masu inci 9 a inci 9, da farin abin da aka naɗe tsofaffin bututu da shi, suna iya ƙunsar asbestos, wani sinadarin gini da ƙurarsa ke cutar da huhu. Kada ka kankare, kada ka goge da inji, a gwada tukuna.

Zane da takardar izini

Yanzu ka ɗauki tef ɗin awo. Daga daɓe zuwa silin, bayan an gama komai, ƙa'idar da yawancin garuruwan Amurka ke bi tana neman ƙafa 7 ga wurin zama, da ɗan sassauci a ƙarƙashin bim (babban ƙarfe ko katakon da ke ɗauke da hawa na sama) da bututun iska. Ka zana wurin a takarda, sannan ka sauko ka zana shi a daɓe da salatif mai launi, ku yi mako kuna bi ta "ƙofofin" ku ji ko sun zauna daidai. Injin ɗumama gida da tankin ruwan zafi su sami ɗakinsu mai faɗin da ma'aikaci zai juya, kuma masu aiki da gas suna buƙatar iskar shaƙa, ba a matse su a akurki. Gaban akwatin wuta a bar inci 36 fili.

Mutanenmu da yawa suna tsallake takardar izini, wai kada a ƙara musu harajin gida. Gaskiya ne ana iya ƙarawa. Amma ranar da ka tashi sayar da gidan, ko Allah ya kiyaye gobara ta tashi kamfanin inshora ya fara bincike, aikin da ba izini shi zai zama maka ƙaya. Ni da tunanin duba-gari na je ofishin, na ɗauka tara za a fara lissafa mini. Sai na tarar jami'in duba ginin shi ne malami mafi araha da na samu a aikin nan. Abu ɗaya: takardar tana da wa'adi, ka tambayi tsawonsa kafin ka karɓa, kada ka karɓe ta tun kana shekarar kallon ruwa.

In akwai wanda zai riƙa kwana a ƙasan nan, ko baƙon mako guda ne, dole ɗakin ya sami tagar tsira. Buɗaɗɗen wurinta ya kai murabba'in ƙafa 5.7, faɗi kada ya gaza inci 20, tsawo inci 24, bakinta kuma kada ya wuce inci 44 daga daɓe. Yanka kankare da haƙa rami a waje ne, yana da tsada, kuma na ƙwararru ne. Wanda yake ganin tsanani ne ya tuna daren 1 ga Satumba 2021, da ragowar guguwar Ida ta sauke ruwa a birnin New York: mutum 11 suka rasu a ɗakunan besmen, ruwa ya rufe musu hanya. In kuɗin tagar bai samu ba, wurin ya tsaya a falo da wurin wasa, gado ya jira.

Bango

Nan ne aikin hannu ya fara daɗi. Kankaren besmen sanyi gare shi, in iska mai ɗumi ta taɓa shi sai ya yi gumi kamar randa. Saboda haka abin da zai fara hawa bangon shi ne allon kumfa mai tauri da ke tare sanyi, kauri inci 2, a manna shi kai tsaye da gam ɗin da aka yi don kumfa (wani gam ɗin narkar da shi yake yi), a liƙe duk mahaɗa da salatif ɗinsa. Kada ka jingina audugar gilashi (wadda ake cusawa a bango don tare sanyi) da kankare, kada kuma ka shimfiɗa leda ta cikin ɗaki ka kulle laima a tsakani. Wannan ita ce hanyar da ake noman fumfuna a bayan bango mai kyan fenti. Can sama inda katakon gida ya hau kan kankare akwai ƙananan aljihuna a jere, ta nan sanyi ya fi shigowa. Ka yanka guntayen kumfa ka cusa, ka zagaye da kumfar gwangwani. Ko nan kaɗai ka yi a wata guda, ƙafarka za ta ji bambanci a hawa na sama.

Kumfa tana cin wuta, don haka doka ba ta yarda a bar ta a buɗe a wurin zama ba, sai an rufe ta da allon jifsam, farin allon da ake rufe bangon cikin gida da shi, mai kaurin rabin inci. Ma'anar wannan ga mai tafiya a hankali ita ce ka ɗauki ɗaki ɗaya ka kai shi ƙarshe, maimakon ka manne besmen gaba ɗaya da kumfa ka bar shi shekara.

Gaban kumfar ake tayar da katako. Wanda ake kira 2 a 4, in ka auna inci 1.5 ne a 3.5, kada ka ɗauka an cuce ka. Na kwance a ƙasa ya zama mai magani, irin koren nan da ba ya ruɓewa, a ɗaure shi da kankare da sukurun kankare. Na tsaye a jera su inci 16 daga tsakiya zuwa tsakiya. Wani dattijon kafinta ɗan zangon Kumasi da muke sallar Juma'a tare ya zo ya duba mini ranar farko. Na riga na yanka guda 10 tsawo ɗaya, ina jin kaina. Ya ɗauki ɗaya ya kai wannan lungu ya shige, ya kai wancan ya rage rabin inci. Ya ce, "Ɗana, daɓen besmen gangare aka yi shi don ruwa ya bi magudana. Kowane katako ka auna masa wurinsa." Na ce, "To, Baba." A shago ma ya koya mini in ɗaga kowane katako in kalle shi ta tsawonsa da ido ɗaya kamar mai saita bindiga, karkatacce in mayar.

Wuta, sannan a rufe

Wasu garuruwa sun yarda mai gida ya yi wayarin ɗin gidansa da kansa in ya karɓi izini. Ni dai na raba aikin: na huda katako, na kafa akwatunan soket, mai lasisi ya ja waya ya haɗa da babban akwati. Soket kada su yi nisan da ya wuce ƙafa 12 tsakaninsu a bango, kuma su zama masu yanke wuta da kansu in ruwa ya taɓa. Ka ƙara biyu a kan abin da kake zato. Kafin allo ya hau, jami'i zai zo ya ga katako da wayoyi a buɗe. Bayan ya tafi, ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, wata rana za ka so kafa ƙusa.

A sa na'urar jin hayaƙi da ta jin iskar gas mai guba. A nan zan yi wa 'yan'uwa magana: turaren wuta yana tayar da ƙarar na'urar, sai a cire batir a manta. A yi turaren a kaskon lantarki, batir ya zauna inda yake. Gawayi kuwa da janareto ba su da wuri a besmen ko na minti ɗaya.

Allon jifsam ƙafa 4 a 8 yake zuwa, kuma kafin ka saya ka tabbata zai juya a matakalarka. Namu sai da muka yanka wasu biyu. Ka sayi mai jure laima, ka ɗaga shi rabin inci daga daɓe don kada ya sha ruwa in an sami ɗan malala. Shafe mahaɗa hawa 3 ne, kowanne siriri, a bari ya bushe. Mai gaggawa yakan lafta da kauri, ya ƙare da kwana uku yana gurza cikin ƙura. Ka sa takunkumi, ka toshe ramukan iskar ɗumama gida, in ba haka ba har cikin tukunyar miya za a ga farin gari.

Silin da daɓe, inda ake rage kuɗi

Silin ban rufe shi ba. Na ari injin feshi na fesa wa katakai da bututu da wayoyi fenti launi ɗaya, baƙi, sai ido ya daina ganinsu. Ban rasa ko inci na tsawo ba, kuma ranar da bututun kicin ya yi yoyo, tsani kawai aka sa. Illarsa ƙarar takun yara daga sama.

Daɓe ya yi shekara da fentin kankare da dardumai, irin waɗanda za a naɗe a fitar in wani abu ya faru. Daga baya na shimfiɗa falankin roba masu shiga juna, waɗanda ruwa ba ya kumbura su, da ratar kwatan inci a jikin bango. Kafet mai mannewa da katakon gaske ba na besmen ba ne, na riga na biya kuɗin wannan karatun. Magudanar da ke tsakar daɓe kuma kada a binne ta.

Wajen sayayya, shagunan ReStore na ƙungiyar Habitat for Humanity suna sayar da ƙofofi da fitilu da kabad da aka ciro daga wasu gidaje. A Facebook Marketplace kullum akwai wanda ya gama aikinsa ragowar kaya sun tsaya masa. Manyan shagunan kayan gini suna karyar da fentin da aka haɗa launinsa bisa kuskure, suna kuma ba da hayar injuna na yini. Amma famfon tsotse ruwa, waya, da na'urorin hayaƙi, sababbi. Araha ba ta ado a nan.

Kuɗin kuwa, asusu daban na buɗe ina zuba abin da ya samu duk wata. Manyan ayyuka biyu, tagar tsira da wayarin, na saita su da lokacin da ake mayar da rarar haraji a farkon shekara da kuma kwasar adashinmu. Ban taɓa fara mataki ba sai kuɗinsa gaba ɗaya na hannu, da ɗan ƙari, don ko yaushe sai wani abu ya ɓullo.

Banɗaki ne ya rage, kuma shi ne mafi tsada. Tun ran gini tun ran zane: in ka ga guntayen bututu masu murfi sun leƙo daga daɓe, magini ya riga ya yi maka rabin aikin, ka tsara ɗakunanka a kewaye da su. In babu, ko a fasa kankare ko a sa masai mai injin tura ƙazanta sama. Namu bututun suna nan a bayan wata ƙofa, na ja musu waya da bututun fankar fitar da iska tun bango na buɗe. Kafin kuɗinsa ya taru, na sa ƙaramin wurin wanke hannu kusa da injin wanki, da ɗan benci da tabarmar roba a ƙasa, baƙi na alwala a nan ba sai sun hau sama da buta ba. Ranar Asabar ta farkon kowane wata kuma nakan cika bokiti in juye a ramin famfo, in tsaya har in ji ya tashi.